Yadda ake zaɓen birkin faifai ga motar da ke zuwa aiki ran Litinin ta shiga filin tsere ran Asabar

Ranar da birki ya ba ni kunya ina cikin zagaye na biyar ne a wani filin tsere a kudancin Jamus, a cikin tsohuwar BMW E46 325i da na saya don in riƙa gyarawa a hankali. Na fito daga doguwar miƙaƙƙiyar hanya, allura ta haura 180, na taka birki don shiga kwana, sai ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka danƙo. Na yi ta bugawa, a taku na uku ya ɗan kama, amma sai da na ƙare a cikin tsakuwar gefen hanya. Allah ya tsare, ban taɓa bango ba.

A daren nan na buɗe waya ina duba manyan kalifofi jajaye masu fistin shida (kalifa ita ce ƙarfen da ke matse faifan birki). Washegari na nuna wa wani dattijon bakanike da muke aiki gareji ɗaya. Bai ko kalli hoton ba, ya ce, "Yaushe rabonka da canza man birki?" Na ce tun da na sayi motar ban taɓa ba. Ya yi dariya ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa. Abin da ya kashe min birki bai kai kuɗin cika tanki ba, ni kuwa ina shirin zubar da albashin wata biyu. Saboda haka matakan nan na jera su ne yadda ya kamata kuɗinka su fita, daga mai araha zuwa mai tsada. Zan yi misali da E46 don ita na sani ciki da bai, kuma tana nan da yawa a titunan Kano da Kaduna da Abuja, amma lissafin ɗaya ne ga kowace mota.

Mataki na farko: gane abin da kake yaƙi da shi

Birkin da motarka ta zo da shi daga kamfani yana da ƙarfin kulle taya ko sa ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya fara aiki. Idan haka ne, babbar kalifa ba za ta rage maka nisan tsayawa a taku ɗaya ba, domin taya ce ke riƙe kwalta. Matsalar filin tsere ita ce zafi. Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi, kuma idan gudu ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Mota mai nauyin kilo 1,500 har da direba, idan ta sauko daga 200 zuwa 80 a awa, zafin da take zubawa cikin faifai ya isa ya tafasa kusan lita 6 na ruwa, a cikin daƙiƙa huɗu ko biyar. A titi sau ɗaya za ka yi irin wannan taku a wata, in ma ka yi. A fili kuwa, kafin faifan ya huce ka iso wata kwanar.

Birki yana mutuwa iri biyu, kuma dole ka bambance su tun da maganinsu daban. Idan feda ta yi laushi ta nutse, man birki ne ya tafasa, tururi ya shiga layi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi ba ya tura fistin. Idan feda tana nan da tauri amma mota ta ƙi rage gudu, ga wari kamar ana ƙona kulochi, fad ne, wato abin da kalifa ke matsawa a jikin faifai, ya wuce zafin da aka yi shi dominsa. Ka rubuta wanda ya same ka, a zagaye na nawa, a wace kwana. Fili ma ya bambanta, ko a cikin Jamus: Hockenheim, da ke da kwana mai kaifi bayan doguwar Parabolika, ya fi cin birki a kan Nordschleife na Nürburgring, wanda duk da tsawonsa na kilomita 20.8 yana ba faifai sararin shan iska.

Mataki na biyu: man birki da tiyo

Man birki yana shan danshi daga iska, ko motar tana ajiye. A jikin kowace kwalba akwai lambobi biyu, zafin tafasa yana sabo da zafin tafasa bayan ya sha ruwa. Mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta yarda ga man birki ajin DOT 4 shi ne digiri 230 yana sabo, 155 bayan ya sha ruwa. DOT 5.1 kuwa 260 da 180. Nawa da ya shekara da shekaru a mota yana can wajen 155 ko ƙasa, shi ya sa zagaye biyar suka gama da shi.

Nemi man da aka yi don gudu amma yana cikin dangin DOT 4. ATE Typ 200 yana kai 280 yana sabo, 198 da ruwa, ga araha, ya ishi mai farawa. Motul RBF 600 ya haura 300 yana sabo. Castrol SRF ya fi su tsada nesa ba kusa ba, amma ko ya sha ruwa yana riƙe digiri 270, don haka ya dace da wanda ba ya son yawan canzawa. Kada sunan DOT 5 ya ruɗe ka, shi na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kuma ba a zuba shi a mota mai ABS.

Ka zubar da tsohon gaba ɗaya, kana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta (famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi): baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Lita ɗaya ta isa. Ka yi amfani da kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba. Wanda ke zaune inda damina ke da nauyi, kamar Legas ko Fatakwal, mansa ya fi saurin lalacewa. Tun da ka riga ka buɗe layin, canza tiyoyin roba guda huɗu da masu saƙar ƙarfe. Ba sa ƙara ƙarfin birki, sai dai feda ta ƙara tauri, kuma robar da ta shekara ashirin ai ta yi mai dalili.

Mataki na uku: fad, inda rigimar take

Nan ne titi da fili suke hannun riga. Fad ɗin titi yana kamawa tun da sanyin safiya, ba ƙara, ba ƙura da yawa, amma da zafi ya yi yawa sai ya saki. Na tsere yana son zafi, kafin ya ɗumama kuwa yana kuka kamar tsohuwar tirela, yana cin faifai, ƙurarsa tana ɓata wili. Duk mai sayarwar da ya ce maka yana da guda ɗaya da ya cika duka biyun ba ragi, ciniki yake nema.

Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko, ka ɗauki na tsaka-tsaki, irin Ferodo DS2500 ko EBC Yellowstuff ko Hawk HP Plus. Sun dace da mai zuwa fili sau biyu ko uku a shekara da tayar titi. Ta biyu, ka ajiye saiti biyu, na titi da na fili irin Pagid RSL29 ko Ferodo DS1.11 ko Hawk DTC-60, kana canzawa daren da za ka tafi. Ni ta biyun na koma, domin a E46 canza fad ɗin gaba bai wuce aikin minti talatin ba in hannunka ya saba. Illarta ita ce kowane fad yana shafa wa faifai nasa sinadarin, wasu kuma ba sa jituwa, sai ka ji sitiyari yana rawa. Idan za ka riƙa musanya, ka tsaya a kamfani ɗaya, ko ka goge fuskar faifan da sanfefa kafin ka sa ɗayan.

A gefen fad ɗin titi da yawa za ka ga haruffa biyu, kamar FF ko GG. Na farko kamunsa ne da ɗan ɗumi, na biyu da zafi. A ma'aunin kamu, F na nufin 0.35 zuwa 0.45, G kuwa 0.45 zuwa 0.55. Idan ka ga FE, to da zafi sauka yake yi, bar shi a kanti. Sannan kada ka sa mai kaifi a gaba ka bar na kasuwa a baya, sai gaba ta ɗauke aikin duka ta ƙara zafi. A fili kuma ba a jiran fad ya cinye: da namansa ya yi ƙasa da kaurin ƙarfen bayansa, cire shi, domin siririn fad yana miƙa zafi kai tsaye zuwa fistin da mai.

Mataki na huɗu: iska

Wannan mutane ba sa son jin sa don ba ya fitowa a hoto. Tiyo mai faɗin inci biyu da rabi ko uku, daga bamba zuwa tsakiyar faifai ta ciki, yana iya yin abin da saitin dubban kuɗi zai yi. Faifai mai rami a tsakiya yana aiki kamar fanka, yana jan iska daga cibiya yana fitarwa ta baki, don haka cibiyar za ka nufa da iskar. Idan ka hura fuska ɗaya kawai, gefe ɗaya ya huce ɗaya na da zafi, tsagewa ce za ta biyo baya.

Kafin ka wuce nan, auna. Akwai fenti na musamman da ake ɗigawa a bakin faifai, kala uku: kore yana sauyawa wajen digiri 430, ruwan lemo 560, ja 610. Akwai kuma 'yar takarda da ake mannawa a jikin kalifa. Idan bayan minti ashirin a fili kore kaɗai ya sauya, kalifa ba ta kai 200 ba, feda tana nan daram, to ka gama. Mayar da kuɗinka aljihu ka sayi taya mai kyau. Idan kuwa ja ya sauya, roba mai kare ƙura ta ƙone ta zama gawayi, fad yana cinyewa a karkace, lokacin ƙara ƙarfe ya yi.

Mataki na biyar: girman faifai da irinsa

Babban faifai yana ba ka abu biyu, wurin ajiye zafi da faɗin da zai fitar da shi. Kauri yana da muhimmanci kamar faɗi. Fara da duba 'yan gidan motarka. Faifan gaba na 325i milimita 300 ne da kaurin 22, na 330i kuwa 325 da 25, na M3 325 da 28. Kalifar 330i da maƙalinta suna hawa gaban 325i ba tare da yanka ko walda ba, kuma kayan gyaransu suna ko'ina. Sai dai tana buƙatar wili mai inci 17. Birkin baya na 330i ya fi wahalar dasawa don gangar birkin hannu da ke cikin faifan ta fi girma.

Game da fuska: mai sulɓi shi ne mafi juriya kuma mafi araha. Mai tsaga-tsaga yana share fuskar fad, kamun farko ya fi kaifi, amma ya fi cin fad. Mai huji-huji kyau ne da shi a bayan wili, a fili kuwa daga bakin hujin tsagewa take farawa. Ni ba na sa shi a motar da za ta ga fili. Akwai kuma faifai mai ɓari biyu, zoben ƙarfe a kan hular alminiyam, wanda ke ba zoben damar buɗewa da zafi ba tare da ya lanƙwashe ba, ga rashin nauyi. Tsadarsa ta farko ce, daga baya zobe kawai kake saya. Ka lura, idan fikafikan cikin faifai a lanƙwashe suke, akwai na dama akwai na hagu, in ka juya su ba za su ja iska yadda ya kamata ba.

Mataki na shida: kalifa da lissafin fistin

A nan ne ake yawan ɓata mota da kuɗi. Yawan fistin ba shi ne ƙarfi ba, faɗinsu ne. Ga yadda ake lissafi. Kalifar kamfani mai zamewa tana da fistin ɗaya: na 325i milimita 54, faɗin fuskarsa kusan 2,290 murabba'in milimita, na 330i 57, wato kusan 2,550. Kalifa tsayayya mai fistin huɗu kuwa, gefe ɗaya kawai ake ƙirgawa. Mai 36 da 40, irin ta gaban Porsche 996, tana ba da kusan 2,275. Mai 38 da 42 kusan 2,520. Mai 40 da 44 kusan 2,780.

Ƙarfin da ke isa taya ya dogara da abu uku da ake ninkawa: faɗin fistin, nisan fad daga cibiyar taya, da kamun fad. Idan ka ƙara faɗin faifai, ya kamata fistin ya tsaya yadda yake ko ma ya ɗan ragu, don rabon aiki tsakanin gaba da baya ya zauna kusa da na kamfani. Ko dashen 330i da na ambata, in gaba kaɗai ka yi, faifai ya ƙaru fistin ya ƙaru, ƙarfin gaba ya hau da kusan kashi ɗaya cikin biyar. ABS zai rufa maka asiri, amma baya ta rage aiki, don haka ka ba ta fad mai ɗan kaifi. Wanda ya ɗora babbar kalifar wata jibgegiyar mota a kan ƙaramin masta kuwa, feda za ta yi tsawo, gaba ta riƙa kullewa da wuri, nisan tsayawarsa ya ƙaru bayan ya kashe kuɗi. Akasin haka ya fi muni: idan baya ta fi ƙarfi, mota juyawa take yi a bakin kwana.

Kamfanonin da suka san aikinsu, irin su Brembo na Italiya, AP Racing da Alcon na Ingila, da Wilwood na Amurka, suna fitar da saiti da sunan mota. Duk da haka ka tambayi mai sayarwa girman fistin, in ya kasa faɗa maka ka tafi wani wuri. Ka tambayi abu uku kuma. Shin kalifar tana da robar kare ƙura? Ta tsere zalla ba ta da ita, kuma motar da za ta sha ƙurar hunturu a arewa ko gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara tana buƙatarta. Wane fasalin fad take ɗauka, kamfanoni nawa ke yin sa, kaurinsa nawa? Nawa ne zoben faifai idan ya ƙare? Saiti mai araha da babu inda za ka sami fad ɗinsa bayan shekara biyu ya zama kayan ado. Jabun Brembo kuma sun cika intanet da kasuwannin kayan mota, har da murfin roba ja da ake maƙalawa a kan kalifar kamfani, wanda ba abin da yake yi sai tare iska.

Mataki na bakwai: wili da doka, kafin ka biya

Cewa wilinka inci 17 ne ko 18 bai isa ba. Kalifa tsayayya tana da kumburi ta waje, tana iya taɓa ƙafafun wilin. Masu saitin kirki suna ba da zanen gwaji: ka buga shi a takarda daidai girmansa, ka auna da rula ka tabbatar, ka manna a kwali, ka yanke, ka cire wili ka kifa shi a ƙasa ka saka kwalin a ciki. Kana son sararin milimita 3 aƙalla ta ko'ina. Ka tuna da safaya ma, ƙaramar tayar but ba za ta hau kan babbar kalifa ba.

A Jamus, duk abin da ka canza a birki sai yana da takardar amincewar hukuma da ake kira ABE ko rahoton gwaji da jami'in TÜV ko DEKRA, masu binciken lafiyar motoci, zai duba ya shigar a takardun mota, in ba haka ba izinin hawa titi ya faɗi, inshora ma na iya juya maka baya. Fad ɗin titi a Turai yana ɗauke da alamar amincewa ta ECE R90, yawancin na tsere ba su da ita. Ranakun da ake buɗe Nordschleife ga jama'a dokar titi ce ke aiki a can, don haka motar da ba ta cika sharuɗɗan titi ba ba ta da hurumin shiga. Kowace ƙasa da tsarinta, ka bincika na inda kake kafin kaya su iso.

Mataki na takwas: ɗaurawa da zaunar da fad

Kankare tsatsar fuskar hob, inda faifai ke zama, da buroshin ƙarfe har ta yi ƙyalli, domin ɗan datti kaɗan a nan yana sa faifai ya yi rawa. In kana da agogon awo, karkacewar faifai kada ta wuce kusan 0.05 na milimita. Wanke man da aka shafa wa sabon faifai. Bakin fitar da iska na kalifa ya kalli sama, kuma in fistin ba girmansu ɗaya ba, ƙaramin ne faifai zai fara tararwa yayin da mota ke tafiya gaba. Ɗaure kowane noti da sifana mai awo, na wilin E46 120 Nm ne. Juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga tiyo bai ja ba, bai goga ba. Kafin ka motsa motar, buga feda har ta yi tauri.

Sai zaunar da fad. Bi umarnin kamfanin idan ya bayar. In babu, nemi hanya marar mutane, ka ɗumama birki da taku kaɗan masu sauƙi, sannan ka yi taku takwas zuwa goma masu ƙarfi daga 100 zuwa wajen 15, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ABS ya shiga ba kuma ba tare da ka tsaya cak ba. Za ka ji wari, wataƙila ka ga ɗan hayaƙi, ba komai. Daga nan ka yi tafiyar minti goma ba ka taɓa birki ba. Fuskar faifan za ta yi launin toka mai ɗan shuɗi, sumul. Yawancin abin da ake kira faifai ya lanƙwashe, shafin fad ne da bai kwanta daidai ba, kuma tsayawa da ƙafa a kan birki mai zafi ne ke jawo shi.

A ranar fili, zagayen ƙarshe na hucewa ne, ka yi shi a hankali. Idan ka shigo wurin ajiye mota kada ka ja birkin hannu, sa ta a giya, bayan minti biyu ka ɗan tura ta gaba kaɗan don wurin da fad ya rufe ya sha iska. Haska tocila ka duba: ƙananan tsage-tsage kamar gashi a tsakiyar fuska ba laifi, amma wanda farce ke maƙalewa a ciki ko ya kai bakin faifai, wannan faifan ya gama aiki. Mafi ƙarancin kauri a rubuce yake a jikinsa, na 330i 23.4 ne. Tawa motar yanzu tana kan faifan 330i mai sulɓi, da tiyon iska biyu, da RSL29 a cikin kwali a but, kuma shekara uku ke nan fentin ja bai sauya ba.